Legas da Jakar Sanduna a Kafaɗa

Legas tana da kusan duk abin da kuɗi ke iya tsayarwa a doron ƙasa. Tana da gadar da ta zarce kilomita 11 a kan ruwa, da matatar mai da aka gina don tace ganga 650,000 a rana, da sabuwar unguwa da aka cike teku da yashi aka kafa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar ta ce sam an tauye ta, yau kuma masu ƙiyasi daga miliyan 15 suke farawa su yi sama. Amma ka ce a ƙirga maka filayen ƙwallon lambu, wato golf, masu cikakken rami 18 a duk faɗin birnin, ba za a cika yatsun hannu ɗaya ba. Nairobi, wadda ba ta kai rabin Legas yawan jama'a ba, tana da Muthaiga da Karen da Royal Nairobi da Windsor da wasunsu, har manyan 'yan wasan Turai kan je can gasa.

Kawuna ne ya yi mini wannan lissafi a cikin jirgi, tsakanin Kano da Ikeja, yana lanƙwasa yatsu. Dattijo ne da ya haura saba'in. Yana yaro a Kaduna, farkon shekarun 1960, ya riƙa ɗaukar wa Turawan masaƙa da na reluwe jakar sanduna a filin golf na garin, a ba shi sisi ko sule. Irin yaran nan ne da ake kira kadi. Da yamma in iyayen gidan nasu sun shige cikin kulob, sai su lanƙwasa rodi su yi sanda, su koma bayan fili suna buga ƙwallayen da suka tsinto a ciyawa. Daga baya ya yi karatu, ya yi aikin gwamnati, ya yi ritaya, amma wasan bai sake shi ba. Biki ne ya kawo mu Legas, na 'yar ƙanwarsa a Agege. Kayan sawarsa ƙaramar jaka ɗaya ce. Jakar wasan kuwa, da sandunanta 14 cif, iyakar abin da doka ta yarda mutum ya shiga fili da shi, ta kusa kai shi tsawo.

A Agege, inda Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, jakar nan ta tara 'yan kallo fiye da lefen amarya. Uwar amarya ta leƙa ciki ta riƙe haɓa.

"Yaya, kai da ka zo ɗaurin aure, me ya haɗa ka da kayan faɗa?"

Ya ce in an shafa fatiha an watse, sauran kwanakin nasa ne, kuma so yake ya ga inda masu kuɗin Legas ke buga ƙwallo. Aka haɗa mu da direba, wani saurayi ɗan Sakkwato da ya daɗe yana tuƙi a birnin. Ya san kowane lungu da ake bi a kauce wa goslo, amma bai taɓa jin akwai irin wannan fili a garin ba.

Na Ikeja ya fi kusa, da shi muka fara. Yana cikin tsohuwar unguwar GRA, ramukansa ba su kai 18 ba, mai son cikakken zagaye sai ya maimaita. Gidaje da katangu sun kewaye shi, ƙarar jiragen da ke sauka da tashi a filin Murtala Muhammed ba ta yankewa. Kawu ya buga, ya yaba tarbar da aka yi masa, ya sha ruwa, muka koma mota. Sai da muka hau titi ya ce, "Mutanen kirki. Amma ɗan nan, wannan wasa ba ya son a riƙe hannu. Inda za ka ɗaga babbar sanda kana tunanin gilashin motar wani, ai motsa jiki kawai ka yi."

Ƙorafin nasa a kan ƙasa yake, kuma ƙasa ce tushen maganar duka. In aka haɗa tsawon ramuka 18 na cikakken fili, ya kan kai kilomita 6 zuwa 6 da rabi. Kowane rami yana da zirin ciyawarsa mai faɗi, kuma dole a bar tazara tsakaninsa da na kusa, don ƙwallon tana da tauri, in ta sami mutum a ka sai asibiti. Duka-duka ana neman hekta 50 zuwa 70. A ma'aunin da muka saba da shi a Kano, hekta 60 za ta ba da kusan fuloti dubu na ƙafa hamsin da ɗari, bayan an fitar da tituna. Masu wasa kuwa huɗu-huɗu suke shiga, ana ba da 'yan mintuna tsakanin rukuni da rukuni, saboda haka ko a ranar da fili ya cika daga asuba zuwa la'asar, mutum ɗari biyu zuwa uku ne iyakarsa. To a ɗora wannan a kan jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a cikin 36, murabba'in kilomita dubu uku da ɗari biyar da ɗoriya, babban kaso nata kuma ruwa ne da fadama.

Ikoyi muka nufa bayan nan, bisa gayyatar wani tsohon abokin aikin Kawu, don kulob ɗin na mambobi ne, baƙo sai da wanda zai tsaya masa. Muka bi doguwar gadar nan da aka kammala a 1990. Daga samanta ana hangen Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin kifi yana tashi, itatuwan masu yankan katako suna shawagi a ɗaure. Mutanen da suka rasa ƙasar da za su kafa ɗaki ke nan, suka koma kan ruwa. Muka sauka Obalende, unguwar da ta girma a gefen barikin soja da na 'yan sanda, inda Hausawa suke tun zamanin Turawa, inda kuma ƙamshin tsire ke tare mutum tun kafin ya fito daga mota. Danfo suna ta hon, kwandastoci suna kiran Oshodi da Yaba. 'Yan mintuna kaɗan daga wannan hayaniya, bayan wata ƙofa, sai ga ciyawa shimfiɗe, manyan bishiyoyi masu shekaru, balbelu suna tafiya ɗaiɗai. Direbanmu ya taka birki ya ce, "Baba, nan ma Legas ne?"

Legas ne, amma ba Legas ce ta ajiye wurin ba. Turawan mulki ne suka ajiye shi. Sun keɓe Ikoyi a matsayin unguwarsu, kuma tsarin garuruwa na zamanin Lugga, wanda dokar 1917 ta ƙarfafa, ya tanadi a bar yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Bature da na ɗan ƙasa. Hujjarsu sauro: wai kada ya ciji baƙar fata ya ɗauko zazzaɓi ko shawara ya kai wa fari. Irin wannan fili da aka hana kowa zama a kai, shi aka riƙa mayarwa wurin golf da folo da sukuwa. Duk wanda ya san Kano ya san yadda filin golf da na folo da na sukuwa suke ta ɓangaren Nasarawa da Bompai, nesa da ganuwa. Kulob ɗin Kano yana kai tarihinsa 1908, na Rayfield a Jos 1913, na Kaduna 1921, kuma har yau ba a gama gardamar wanda ya girmi wani ba. Na Ikoyi ya ɗauki sunan da yake da shi yanzu a 1938, lokacin da kulob ɗin Turawa ya haɗe da na golf. Da na ambaci yadi 440 ɗin nan, Kawu ya yi dariya ya ce ai tsawon rami ɗaya ne mai kyau, mai ƙarfi ya kai ƙarshensa da bugu biyu. Iyakar nisan da suka yi zaton sauro zai gaji ke nan.

Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tsofaffin filayen golf na manyan biranenmu an shata su ne tun birni bai iso ba, lokacin da mai mulki zai ja layi a taswira ba wanda ya isa ya ce uffan. Abin da aka shata a lokacin, shi ke nan. Bambancin Nairobi da Legas a nan yake. Kenya ƙasar da Turawa suka je zama ce, da iyalansu da gonakinsu, suka yi ta shata fili bayan fili a kan tudu mai sanyi. Legas wurin aiki ne kawai a gare su, ma'aikaci ya yi wa'adinsa ya gudu gida kafin zazzaɓi ya kayar da shi. Fili ɗaya ya ishe su. Da birnin ya tashi girma, ya ninka kansa ya sake ninkawa, ya tarar da fili ɗayan nan ya kewaye shi.

Shi wannan fili yana da tarihin da zai ɗaga kai da shi. Daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa na 1990 ana yin babbar gasar Nijeriya, akasari a nan. 'Yan wasan Birtaniya in hunturu ya rufe musu filaye sai su gangaro Afirka, su bi Nijeriya da Kwaddebuwa da Kenya da Zambiya. Sandy Lyle ya ci gasar a 1978, ita ce nasararsa ta farko a matsayin ƙwararre, shekaru kafin ya ci manyan gasannin Open da Masters. Vijay Singh, mutumin Fiji, ya ci a 1988, daga baya ya zama na ɗaya a duniya. A 1981 wani Bature, Peter Tupling, ya gama zagaye huɗu da bugu 255, abin da a lokacin ba a taɓa yin ƙasa da shi ba a irin wannan gasa.

Kawu bai bar ni na yi mamakin wannan adadi da yawa ba. Ya ce a zamanin ba ciyawa ba ce a kewayen rami. Yashi ne mai laushi, a gauraya shi da baƙin mai, a daddaɓe shi. 'Yan wasa suna ce masa biraun, kamar yadda suke ce wa na ciyawa girin. Kafin mutum ya tura ƙwallo rami, yaro zai ja buhu ko katako ya share masa layi sumul. Ƙwallon da ta faɗo daga sama a nan take tsayawa, ba ta tsalle ba ta gangara, wadda aka tura kuma ba ta karkata. Ga gwani, rabin wahalar wasan an ɗauke masa. Ya yi wannan bayani ne da wani irin shauƙi, don shi ma ya ja buhun nan a Kaduna, kuma ya ce har yau in ya ji warin baƙin mai a gareji sai ya tuna da safiyar Asabar. Arewa ta daɗe a kan biraun saboda ƙarancin ruwa. Ikoyi ta koma ciyawa tuntuni.

Mun zaga, shi yana bugu ni ina bin baya. Filin shimfiɗe yake, babu tudu babu kwari, bishiyoyi ne ke tsare hanya. Ta kowace kusurwa dogayen benaye sun leƙo, wasu an gama wasu injin ɗaga kaya na kansu, ba nisa kuma ga tsohuwar sakatariyar tarayya da aka bari tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991. Wuri ne mai daɗin tafiya, ba wanda zai musa. Sai dai an auna shi ne da sandunan da, da ƙwallayen da. Ƙwararrun yau suna tura ƙwallo yadi 300 da bugu ɗaya, filayen manyan gasa sun haura yadi 7,000, kuma duk filin da ke son ya bi zamani sai ya ja wurin bugun farko baya. A Ikoyi, bayan nan titi ne, bayan titi kuma ƙasa ce da ake sayarwa murabba'in mita-mita, sau da yawa ma da dala ake faɗin kuɗin.

Kadin da aka ba Kawu ɗan Jos ne, Hausarsa tar. Daga can tsallaken gada yake zuwa, kafin kiran assalatu ya bar gida. A rami na uku ya miƙo wata sanda, Kawu ya girgiza kai ya nuna wata, yaron ya tsaya a kan tasa. Kawu ya bi shawararsa, ƙwallo ta sauka daidai.

"Ɗana, wa ya koya maka?"

"A Rayfield na taso, Baba. Gidanmu bayan fili yake."

"Ni ma jaka na ɗauka kafin a haifi babanka."

Daga nan hira ta ɓarke har ƙarshen zagaye, ni dai na zama ɗan rakiya. Amma na riƙe abu ɗaya daga cikinta. Akasarin ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara, ba 'ya'yan mambobi ba ne. Ƙasar ta taɓa fitar da wanda ya buga Open ta Birtaniya, Peter Akakasiaka, a 1988. Hanyar talaka zuwa wannan wasa ita ce ya tashi a bayan fili, ya ga ana yi, ya tsinci ƙwallo, wata rana a kira shi ya riƙe jaka. A Jos da Kaduna yaro zai iya tasowa haka. A Legas, wa ke zaune a bayan filin Ikoyi? Yaran Agege da Mushin da Ajegunle, miliyoyinsu, za su girma su tsufa ba su taɓa riƙe ƙwallon a hannu ba. Ana ɗaukar ƙarancin filaye matsalar masu hannu da shuni ce, alhali su jirgi suke hawa su tafi Dubai ko Afirka ta Kudu su buga su dawo.

A nan ya kamata in faɗi ra'ayina, tunda ba ni da sanda ko ɗaya da zan kare. Ba na jin Legas tana bin kowa bashin filin golf. Birnin da mutane ke kwana a ƙarƙashin gada, a ce a ware hekta 60 don mutum ɗari biyu su yi tattaki, magana ce mai wuyar haɗiyewa. Wasu biranen ma karɓewa suke yi. Gwamnatin Hong Kong ta karɓi hekta 32 daga tsohon filin Fanling a 2023 da niyyar gina gidajen jama'a, Singafo kuma ta daɗe tana rage nata filayen in wa'adin hayarsu ya cika. Amma mu dubi abin da ya faru da sauran wurare masu ciyawa a Legas. Filin sukuwa na tsibirin Legas ya zama dandalin Tafawa Ɓalewa, siminti daga farko har ƙarshe. Lambun shaƙatawa na Ikoyi, inda iyalai kan je ranar hutu, an yanka shi an yi rukunin gidajen Parkview. Bakin tekun Bar Beach, inda kowa ke zuwa kyauta, yanzu Eko Atlantic ce. A cikin waɗannan babu wanda ya koma hannun mutumin Makoko. Filin golf na Ikoyi ya tsira ne saboda masu amfani da shi su ne irin mutanen da ba a ƙwace wa abu. Dalilin ba mai daɗin ji ba ne, amma sakamakonsa bishiyoyi ne da ƙasar da ke shanye ruwan sama a tsakiyar unguwar da ambaliya ta saba wa. In aka ce yau a rushe katangar, na san abin da zai tsiro a wurin, kuma ba gidan malamin firamare ba ne.

Filayen da 'yan wasa ke yabo a ƙasar nan kusan duk suna inda ba a zata. Na IBB a Abuja an buɗe shi a 1991, shekarar da gwamnati ta tare, wato an zana shi tare da birnin, a kan tudu da kwari da rafuka, har da allunan gargaɗin kada. Akwai na Uyo da gwamnatin Akwa Ibom ta gina tare da otal. Akwai na Ilara-Mokin a jihar Ondo, wanda attajirin motoci Michael Ade-Ojo ya yi a mahaifarsa, tsakanin duwatsu. Marigayi Sarkin Dutse, Nuhu Muhammadu Sanusi, ya yi nasa a Dutse ya cika shi da itatuwa. Gwamna, ko sarki, ko attajiri a garinsu: a kowane akwai mai iko da ƙasa, kuma ƙasar ba ta riga ta yi tsada ba. Yawan masu kuɗi a gari ba ya haifar da fili. Sau da yawa ma shi ke hana shi, don kuɗin nasu ne ya sa ƙasar ta fi ƙarfin ciyawa.

Saura Lakowe, wanda kowa ya ce mana shi ne sabo, shi ne na zamani. Adireshinsa ma ya isa gargaɗi: kilomita 35 a kan hanyar Lekki zuwa Epe. Direba ya ce in ba mu tashi da asuba ba, to mu haƙura. Muka yi sallah muka fita, duk da haka a Ajah muka tarar da rabonmu. Tireloli da tankoki masu zuwa matatar Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, sun haɗu da motocin ma'aikata masu shiga gari. Muka rarrafa ta Sangotedo da Awoyaya. Hagu da dama allunan masu sayar da fuloti ne, kowane da zanen gida mai jan rufi da sunan Turanci mai daɗi, a bayansu kuma fadama ce ana juye mata yashi. A jikin katangu an rubuta da jan fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Kawu ya yi barci ya farka, ya tambaya ko mun wuce Ibadan.

Filin kansa ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Rami 18 cikakku, tafkuna da aka haƙa suna bin gefen ramuka, ƙasar da aka kwaso daga cikinsu an yi 'yan tuddai da ita don kada wurin ya zama shimfiɗa ɗaya. A nan Kawu ya saki hannu, ya kuma ba tafki ƙwallaye har sai da ya daina ƙirgawa. Wani mai kula da ciyawa ya tsaya ya yi mana bayanin aikinsu. Matsalar Kano rashin ruwa ce, tasu yawansa ne. Ruwan sama a Legas ya kan ninka na Kano, ƙasar kuma ka haƙa kaɗan ka tarar da ruwa. Girin mai kyau gina shi ake yi hawa-hawa, bututu a ƙasa, tsakuwa a kai, sannan yashi mai kauri, don ruwa ya wuce kada saiwa ta ruɓe. Ana aske shi kusan kullum har ya rage 'yan milimita. Injinan askin daga waje ake kawo su da dala, famfunan ban ruwa na rani man dizal suke sha. Ciyawar da aka fi shukawa a irin waɗannan filaye na ƙasashe masu zafi 'yar'uwar kiri-kirin da manomi ke tsinewa a gona ce, an dai tace irinta.

Wa ke biyan wannan duka? Amsar tana tsaye a gefen fili: gidaje, jere, tagoginsu suna kallon ciyawa. Kamfanin gine-gine ne ya yi wurin, kuma kusan ko'ina a duniya yanzu haka ake yin sabon fili kusa da babban birni. Kuɗin masu wasa ba ya riƙe shi, kuɗin fuloti ne. Ban ga laifin wannan ba, ciniki ne a fili. Sai dai mutumin da ke aiki a Ikeja ko Apapa, in ya ce zai zo nan ya buga ya koma, ya ba da yininsa duka, wasa awa huɗu, hanya kuma sai yadda Allah ya yi. Kawu ya ce daga gidansa a Kano zuwa Dutse ya fi masa sauƙi, ga shi wata jiha ce daban.

Da muka fito bai ce a juya gida ba. Ya ce a ƙara gaba, yana son ganin teku. Muka bi ta Eleko muka gangara, muka wuce inda ake aikin sabuwar babbar hanyar gaɓar teku da aka fara a 2024, wadda aka ce za ta kai Kalaba. Muka tsaya a wani wuri da ba gini. Yashi ne fari, ya yi 'yan tuddai, ciyawa mai kaushi ta kama shi, ga bishiyoyin kwakwa, ga iska mai ƙarfi daga teku ba ta tsayawa. Kawu ya tsuguna ya damƙi yashin ya murza.

A kan irin wannan ƙasa aka haifi wasan. A gaɓar Sukotland, tsakanin teku da gonaki, akwai zirin yashi da ba ya noma, sai kiwon tumaki da zomaye. A nan mutanen St Andrews suka yi ta buga ƙwallo ɗaruruwan shekaru, a nan aka tsayar da ramuka 18 a 1764. Har gobe masana wasan suna fifita fili mai yashi a kan kowane iri, don ruwa ba ya kwanciya a kai, ƙwallo tana gudu, iska kuma tana sauya wasan kowace rana ba tare da an kashe kwabo ba. Masu kuɗin duniya suna tafiya har ƙarshen ƙasa neman irin wannan gaɓa. Legas tana da ita kilomita bayan kilomita, daga Lekki har iyakar Ogun, wani ɓangaren kuma ta Badagry.

Ba mu daɗe ba sai ga wani mutum a kan babur, da takardu a hammata, yara biyu suna bin sa a guje. Dillalin filaye ne, ya hango mota ya zaci masu saye ne. Ya gaishe mu da Turancin Legas, ya fara nuna iyakoki da hannu, nan na wani iyali ne, can gwamnati ta fitar wa ƙauye, takardu duk suna nan. Kawu bai kula shi ba. Ya aiki direba ya ɗauko sanda ɗaya da ƙwallo, ya tara ɗan yashi da yatsu ya ɗora ta a kai, yadda ake yi kafin a ƙirƙiro ɗan turken katako. Ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya buga. Ƙwallon ta tashi ƙasa-ƙasa ta ratsa iska, ta sauka can bayan wani tudu ta ci gaba da gudu.

"Ka gani?" ya ce da ni. "Ko taki ba ya so. Rami tara ta nan, tara ta dawowa."

Direba ya fassara wa dillalin abin da Baba ke nufi. Mutumin ya duba takardunsa, ya duba inda ƙwallon ta faɗi, ya ce wancan ɓangaren an sayar tun bara, coci ce ta saya, amma in Alhaji da gaske yake akwai fuloti shida a haɗe ta bayan kwakwar can. Yaran suka dawo da ƙwallon suna haki, babban ya ɓoye ta a bayansa ya ce sai an ba su na ruwa.